Hoton ɗan talaka: shaida ne ko tonon asiri?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata tambaya da ta girmi wayoyin da ke aljihunmu nesa ba kusa ba, amma yau ta zama tamu tunda kowa ya zama mai ɗaukar hoto. In mutum ya bi ta unguwar talakawa, ya tarar da yara suna wasa a bakin titi, ya ɗaga kamara ya ɗauke su ba tare da ya tambayi kowa ba, ya tafi da hoton, shin me ya yi? Ya ajiye shaida ne don na baya, ko ya ɗauki abin da ba nasa ba? Kuma in hoton ya yi kyau har aka rataya shi a bango ana sha'awa, kyan nan na wane ne?

Ina so mu duba wannan tambaya ta hanyar waɗanda suka fara cin karo da ita, wato mutanen da suka fara ɗaukar hotuna masu launi na yara a unguwannin ma'aikata da ƴan ci-rani na manyan biranen Amurka da Birtaniya, daga wajen 1940 zuwa 1980. Sun riga mu shiga wannan ruwa, kuma abin da ya samu yaran da suka ɗauka yana rubuce, ana iya dubawa.

Yadda launi ya sauko titi

Hoto mai launi ya daɗe kafin ya iya kama yaro. A 1907 ƴan uwa biyu na gidan Lumière, a birnin Liyon na Faransa, suka fito da Autochrome. Faranti ne na gilashi da aka barbaɗa wa garin dankalin turawa da aka rina kala uku. Hoton yana fitowa da kyau, sai dai yana cin haske ƙwarai, dole wanda ake ɗauka ya daskare kamar gunki. To yaro mai wasa ina zai tsaya? Shi ya sa yaran da ke cikin hotunan wancan zamani yawanci an jera su ne an ce kada su motsa.

A 1935 kamfanin Kodak ya fito da fim ɗin Kodachrome, wanda wasu makaɗa biyu masu sha'awar kimiyya, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, suka ƙirƙira. Shekara ɗaya bayan haka aka yi shi daidai da ƙaramar kamarar da ake ratayawa a wuya. Daga nan ne launi ya iya bin mutane a titi. Amma fim ɗin yana da tsada, kuma ba a iya wanke shi a gida, sai an aika wa kamfani. Mu riƙe wannan da kyau, don tushen matsalar yana nan: tun ranar farko, wanda ke riƙe da kamarar yana da abin da uban yaron ba shi da shi. Ko dai mai kuɗi ne, ko ma'aikacin gwamnati, ko wakilin wata babbar mujalla.

Misali, gwamnatin Amurka tana da wata hukuma ta tallafa wa manoma da ta ɗauki masu hoto aiki bayan karayar tattalin arzikin 1929, don su nuna wa ƴan ƙasa halin da talakawa ke ciki. Tsakanin 1939 da 1944, su da ofishin da ya gaje su sun bar hotuna masu launi kimanin 1,600, ban da dubbai na baƙi-da-fari. Ɗaya daga cikinsu, Jack Delano, ya je Brockton, garin masana'antun takalmi a jihar Masacusets, a Disamba 1940, ya ɗauki yara a unguwar gidajen haya. Hoton yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. An rubuta sunan gari, an rubuta wata da shekara, an rubuta sunan mai ɗauka. Yaran kuwa an ce da su "yara" kawai.

Matar da ke fuskantar gabas tana ɗaukar kudu

Wadda ta fi kowa suna a wannan fage ita ce Helen Levitt. An haife ta a Buruklin a 1913, ta rasu a 2009, kusan duk rayuwarta a birnin Niyok. Ba ta gama sakandare ba, ta koyi aiki a shagon wani mai hoto. Wajen 1937 ta fara ɗaukar zanen alli da yara ke yi a kan titi da bango, daga nan ta koma ɗaukar yaran da kansu, a unguwannin Halem ta gabas da kudu maso gabashin Manhatan, inda baƙaƙen fata da ƴan ci-rani ke zaune. A lokacin ba talabijin, ba na'urar sanyaya ɗaki, ɗakunan haya sun yi ƙanƙanta, saboda haka titi shi ne tsakar gidan kowa. A 1943 gidan adana fasahar zamani na Niyok, wanda ake kira MoMA, ya nuna hotunanta na yara.

A shekarunta na farko tana amfani da wani ɗan madubi da ake ɗaura wa kamara, wanda ke ba ta damar fuskantar gefe guda alhali tana ɗaukar wani gefen. Yaran suna ganin wata mata tana kallon can, ba su san su take ɗauka ba. Ba sai an yi dogon bayani ba, wannan dabara ce ta ɓoye niyya.

A 1959 da 1960 gidauniyar Guggenheim ta ba ta tallafi don ta koma titunan nan da fim mai launi, a zamanin da manyan masu hoto ke raina launi, suna ganin abin ƴan talla ne. Ta yi shekaru tana tarawa. A 1970 ɓarawo ya shiga gidanta ya kwashe mafi yawan waɗannan hotuna masu launi, kuma tunda kowane ɗaya shi kaɗai ne, ba kwafi, shi ke nan sun tafi. Ta sake fita ta fara daga farko, har a 1974 MoMA ya haska sababbin a bango.

Wani zai ce ai alhaki ne, wadda ta ɗauka ba izini an ɗauke mata ba izini. Maganar tana da daɗin faɗa a fada, amma mu tsaya mu auna ta. Ɓarawon ya raba ta da abu: da safe tana da shi, da dare ba ta da shi. Ita kuwa yaron da ta ɗauka ya koma gida da fuskarsa da allinsa da abokansa, ba abin da ya ragu a jikinsa. In akwai abin da ta ɗauke masa, to ba irin wanda ake sa wa a buhu ba ne. Mene ne shi?

Amsar tana bakin iyayenmu mata. Duk wanda ya taɓa cewa zai ɗauki yaro hoto a gaban uwarsa ya ji wannan magana: "Tsaya in wanke masa fuska, in sake masa riga." Uwar nan ta san yaron yana yini cikin ƙura, unguwa duka ta sani, ba ta ɓoye wa maƙwabta komai ba. Amma ta gane cewa hoto zai je inda ita ba za ta je ba, gaban mutanen da ba su san ta ba, kuma zai daɗe bayan ƙurar ta wanke. Tana neman ikon zaɓen halin da baƙo zai ga ɗanta a ciki. Wannan iko shi muke kira rufin asiri, kuma shi ne abin da madubin Levitt ya tsallake. Mai kuɗi yana da katanga da ƙofa da mai gadi, ba wanda ke ɗaukar ɗansa sai ya yarda. Ɗan talaka yana waje don ɗakin bai ishe su ba, sai rashin ɗakin ya zama kamar izini ga duk mai wucewa.

Abin da launi ke ƙarawa da abin da yake rufewa

Me ya sa nake nanata maganar launi? Don yana sauya yadda muke kallon yaron. A hoton baƙi-da-fari, talauci yakan yi kama da juna ko'ina: toka-toka, duhu, tsumma. Yaron sai ya zama misali na wata matsala. Da launi ya shigo sai ka ga jar rigar sanyi, ka ga koren takalmi, ka ga ƙyallen da aka ɗaura wa yarinya a kai. Sai ka tuna cewa wani ne ya zaɓi wannan kala, wata ce ta saƙa, ta wanke, ta shanya. Launi yana nuna hannun iyaye a jikin yaro.

Shirley Baker, ƴar garin Salford a Ingila, wadda aka haifa a 1932 ta rasu a 2014, ta yi shekaru kusan 20 tana bin unguwannin ma'aikata na Mancesta da Salford lokacin da hukuma ke rushe su. A 1965 ta ɗauki unguwar Hulme da fim mai launi. Yara suna lilo da igiya a jikin sandar fitilar titi, suna wasa a kan ɓaraguzan gidajen maƙwabtansu, iyaye mata suna zaune a bakin ƙofa. Hukuma ta ce unguwar ƙazanta ce, ba ta cancanci zama ba, kuma gaskiya gidajen sun lalace. Amma hotunan sun nuna abin da takardun hukuma ba su ƙidaya ba, wato zumunci da wasa da sanin juna. Manyan benayen da aka gina a wurin a farkon shekarun 1970 ba su yi ƙarko ba, cikin shekarun 1990 su ma aka rushe su.

Sai dai launi yana da wata illa. Yana iya mai da wahala abin ado. Tsatsar ƙofa, fentin da ya ɓare, bulon da hayaƙi ya baƙanta, duk suna yin kyau a fim. A 1980 wata jaridar Landan, Sunday Times, ta aika Bafaranshe Raymond Depardon zuwa Gilasgo a Sikotland. Ya dawo da hotunan unguwanni masu duhu, a ciki har da na wani yaro da ya hura cingam ruwan hoda a gaban baƙin bango. Jaridar ba ta buga su ba, sai a 2016 suka fito a littafi. Duk wanda ya ga hoton nan sai ya ce kai, ya yi kyau. To amma me muke yabo? Baƙin bangon da ya sa cingam ɗin ya fito fes, shi ne gidan da yaron ke kwana. Mai kallo yana jin daɗin haɗuwar kala biyu, yaron kuwa a cikin ɗaya daga cikin kalolin yake zaune.

Ko fim ɗin ma bai yi wa kowa adalci ba. Shekaru da yawa masu wanke hoto suna daidaita launi da wani katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton farar mace. Fatar baƙin yaro sai ta fito duhu, ba a ganin komai sai ido da haƙora, musamman in yana tsaye kusa da farin yaro. Na'ura ba ta da zuciya, amma waɗanda suka auna ta sun auna ta da fatar da suka ɗauka ita ce fatar mutum.

Hujjar masu kamara

Kada mu yi wa masu hoto rashin adalci, suna da hujja mai ƙarfi. Gani ya kori ji. Tun kafin zamanin launi, daga 1908, Lewis Hine ya bi masana'antun auduga da ramukan kwal na Amurka yana ɗaukar yaran da ake sa wa aikin ƙarfi. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, har yakan shiga da sunan wata sana'a daban. Hotunansa suna cikin abin da ya juya ra'ayin jama'a, har aka kai ga dokar 1938 da ta taƙaita aikin yara a ƙasar. Da ya tsaya neman izinin masu gida, da ba hoto ko ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce tarihi. Ƴaƴan sarakuna da attajirai an zana su, an ɗauke su, an rubuta sunayensu. In ba a ɗauki ɗan talaka ba, bayan shekara 50 sai a ɗauka bai taɓa rayuwa ba. Levitt da kanta ta lura daga baya cewa yara sun ɓace daga titunan, sun koma ɗaki gaban talabijin. Wasannin da ta ɗauka, da zanen allin da ruwan sama ke wankewa cikin dare ɗaya, ba inda suka rage sai a hotunanta. Ƙin ɗaukar talaka ma wani irin raini ne, kamar ana cewa rayuwarsa ba ta kai a ajiye ba.

Bayan mai hoto ya tafi

Amma mu bi sawun wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka. A Maris 1936 Dorothea Lange ta ɗauki wata uwa da ƴaƴanta a sansanin masu tsinkar wake a Nipomo, jihar Kalifoniya. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya. Ba a rubuta sunan matar ba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta, Florence Owens Thompson, ta kuma nuna ɓacin ranta cewa fuskarta ta zaga duniya ita ba ta samu ko kwabo ba. Shekara 42 tana zaman alamar talauci ga mutanen da ba su san sunanta ba.

A 1956 mujallar Life ta aika Gordon Parks, baƙar fata wanda shi ma ya tashi cikin talauci, zuwa jihar Alabama don ya ɗauki rayuwar wani dangi ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata. Da fim mai launi ya yi aikin. A ciki akwai hoton yara baƙaƙe tsaye a bayan shingen waya, suna hangen filin wasan da ba a yarda su shiga ba. Dangin sun yarda, sun buɗe masa gidajensu. Da mujallar ta fito, fararen yankin suka taso musu: wata malamar makaranta a dangin ta rasa aikinta, mijinta ya rasa sana'arsa, dole suka bar garin. Niyyar Parks mai kyau ce, izini ma an ba shi, hoton kuma gaskiya ya faɗa. Duk da haka shi ya koma Niyok, su suka kwana da abin da ya biyo baya.

Sai labarin 1961, wanda ya kamata kowane ɗan ƙasa matalauciya ya sani. Life ta sake aika Parks, wannan karon zuwa wata unguwar marasa galihu a Riyo ta Burazil. Ya ɗauki wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Flavio, mai ciwon asma, wanda ke rainon ƙannensa. Masu karatu a Amurka suka tara kuɗi, aka saya wa iyalin gida, aka kai yaron birnin Denba aka yi masa magani kusan shekara biyu, sannan aka mai da shi. Mutanen Burazil da yawa abin ya yi musu zafi. Wata mujallarsu, O Cruzeiro, ta aika nata mai hoton, Henri Ballot, zuwa Niyok, ya je ya ɗauki ƴaƴan wani iyalin talakawa a Manhatan, aka buga a Burazil. Wato dai in kun iya nuna tsummanmu, mu ma mun san inda naku yake. Ramuwar tana da daɗin ji, amma ku lura: manyan mujallu biyu suna faɗan mutuncin ƙasa, makamin kowannensu kuwa ɗan talaka ne. Yaron Manhatan bai san da rigimar ba, aka jawo shi ciki.

To a tambaya mana, ba shi ke nan ba?

Da sauƙi a ce maganin abin shi ne neman izini. Izini wajibi ne a mafi yawan lokuta, amma bai rufe maganar ba. Yaro ɗan shekara shida zai ce i da murna, har ya kira abokansa, alhali bai san me ake nufi da mutum dubu ɗari su ga fuskarsa ba. Uban da ba shi da abin cefane, in aka miƙa masa jika biyu aka ce za a ɗauki ɗansa, yardarsa ta yunwa ce. Dangin Alabama sun yarda, yardar ba ta kare su ba. Ta ɗaya gefen kuma, da zarar an tambaya wasa ya tsaya, yara sun jeru sun ƙame, abin da ake so a ajiye ya gudu.

A ganina akwai awo biyu da suka fi tambayar izini zurfi.

Na farko: a cikin hoton, yaron yana yin wani abu ne, ko an nuna abin da aka yi masa ne kawai? Nan ne Levitt ta tsira duk da madubinta. Yaranta masu aiki ne. Suna zane, suna sanye da fuskar wasa da suka samo, suna ɗaga firam ɗin fasasshen madubi sun mai da shi abin wasa. Talaucin yana nan a bayansu, ba ta ɓoye shi ba, amma ba shi ne labarin ba. Mai kallo yana sha'awar wayonsu kafin ya ji tausayinsu, in ma ya ji. Mutumin da ka yi sha'awar wayonsa ka ɗauke shi tsaranka. Wanda tausayinsa kawai ka ji kuwa, sau da yawa ka riga ka sa shi ƙasa da kai.

Na biyu: za ka iya komawa unguwar, ka yi sallama a ƙofar gidan, ka miƙa wa uwar yaron hoton hannu da hannu ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Kuma yaron in ya kai shekara 30, yana da mata da ƴaƴa, zai nuna musu shi ko zai ɓoye? Baker ta yi ta komawa titunan nan shekara da shekaru har aka saba da ita, kuma a 2017 aka nuna hotunanta a Mancesta kanta, inda waɗanda suka girma a unguwannin za su iya zuwa su gani. Hoton da zai iya komawa gida ya bambanta da wanda dole sai a nesa ake nuna shi.

Za a ce mini, in haka ne ba za a taɓa ɗaukar yaro mai yunwa ko mara lafiya ba, tunda ba uwar da za ta so wannan hoto. Gaskiya ne awon nan biyu ba su ɗauki halin larura ba. Akwai ranar da rufin asiri ke zama rufe laifin manya, kamar a masana'antun da Hine ya shiga. A irin wannan rana ana iya ɗauka, amma da sharaɗi: hoton ya nuna mai laifi ko sanadin abin, kada ya tsaya kan haƙarƙarin yaro kaɗai. Hine yakan rubuta sunan masana'anta da garin da shekarun yaron da awowin aikinsa, don a san inda za a nufa da tuhuma. Kuma ko an cika sharaɗin, bashi ya hau kan mai ɗauka. Larura tana halatta abu, ba ta mai da shi kyauta.

Mu fa?

Mu ƴan Nijar mun san zaman gaban kamara. A 2005, lokacin matsalar abinci, ƴan jaridar duniya sun cika Maraɗi, hotunan yaranmu a cibiyoyin kula da masu tamowa suka zaga gidajen talabijin. Taimako ya ƙaru bayan an ga hotunan, wannan ba a musu, rayuka sun tsira. Amma duk ɗalibin da ya taɓa rubuta sunan ƙasarmu a intanet ya ga irin hotunan da ke fara fitowa ya san kuɗin da muka biya. Yaran nan yau sun girma, wasunsu sa'o'inmu ne, wataƙila wani yana aji ɗaya da mu.

Abin da ya sauya shi ne yanzu kamarar tana hannunmu. Fim ɗin Kodachrome an daina yin sa a 2009, ya bar wa salula fili. Delano sai ya jira a wanke fim, edita ya zaɓa, kafin kowa ya gani. Mu kuwa tsakanin ɗauka da watsawa a Facebook ko WhatsApp ko TikTok ba ya kai minti ɗaya, ba wanda zai ce mana tsaya. Muna ganin yadda ake ɗaukar almajiri yana cin abinci a ƙasa a sa waƙar ban tausayi, ko a ɗauki yaro mai in'ina ana dariya, ko a ba yaro sadaka da hannun dama ana riƙe da waya a hagu. In Bature ya yi haka mukan ce raini ne. In ɗan lakwal mai babbar waya ya yi wa ɗan maƙwabcinsa, sunan abin bai sauya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 16 yaro yana da haƙƙin a kare sirrinsa da mutuncinsa. Ba ta ware ɗan mai kuɗi ba.

Amma ba ina kira a mai da wayoyi aljihu ba ne. Asarar da ke ɗaya gefen ita ma tana kanmu. Wa ke ajiye hoton yaran Birni a Damagaram suna langa? Wa ya ɗauki masu ƙera mota da kara ko da waya a Tawa, ko ƴan mata suna carafke da gaɗa a dandali, ko yaran da ke tashe cikin azumi? Waɗannan abubuwa suna ja da baya a idonmu kamar yadda zanen alli ya ɓace a Halem. In ba mu ɗauka ba, abin da jikokinmu za su tarar game da yarantar wannan zamani shi ne abin da baƙi suka ɗauka a ranakun da muka fi shan wahala.

Saboda haka shawarata ga duk wanda ke da sha'awar wannan aiki a cikinmu ita ce ya fara da unguwarsu, inda aka san gidansu kuma za a iya zuwa a yi masa magana in ya yi ba daidai ba. Ya gaida manya kafin ya ɗaga waya, ya faɗi abin da zai yi da hoton. Ya yi ta zuwa har yara su gaji da kallonsa su koma wasansu, don haƙuri yana ba da abin da madubin ɓoye ke bayarwa ba tare da yaudara ba. In uwa ta ce a tsaya ta sake wa yaro riga, a tsaya. In ta ce a'a, a'a ɗin ta zauna. Wanda ya yi kyau a kai shago a wanke shi a takarda, a rubuta rana da wuri da sunan wasan a baya, a kai wa iyayen nasu kafin kowa ya gani a intanet. In sun ce kada a watsa, ya tsaya a gidan, a cikin akwatin uwar yaron, inda yaron zai same shi in ya girma.